Ƙafar Hagu ta Jitar Hoyt Mabry

Duk abin da ke juyawa a gidan Hoyt Mabry ya sha mai. Ƙofar kicin, famfon bayan gida, keken ɗinkin matarsa, har kujerar lilo da ke baranda ba ta tsira ba. Kusan duk ƙuruciyarsa a garejin ƙungiyar manoman garinmu ta ƙare, nan gabashin Texas, yana fama da tarakta da injin yankan ciyawa, kuma ya baro wurin da imanin cewa yawancin ƙarfen da aka ce ya lalace ƙishirwa ce kawai ke damunsa. Matarsa Verna kan ce da za ta tsaya cik a kicin na ɗan lokaci, ita ma sai ya ɗiga mata a gwiwa.

Ranar Asabar kuwa Hoyt makaɗi ne. Jitarsa irin ta kwance ce, wadda ake zama a gabanta kamar mai keken ɗinki: ƙafafu huɗu na ƙarfe, tsirkiyoyi shimfiɗe a sama, feda jere a ƙasa. Hannun dama na kaɗawa, na hagu na jan guntun ƙarfe mai santsi bisa tsirkiyoyin. Kowace feda da 'yar sandar da ta haɗa ta da cikin jitar, in an taka sai tsirkiya ta ƙara ɗamewa, sauti ya hau a hankali har ya kai inda ake so. Wannan hawan ne ke sa tsofaffin matan garinmu laluben hankici a jaka.

Tun dawowarsa daga soja ya saye ta, a hannun wani makaɗi da giya ta ci ƙarfinsa. An ce akwai shekarar da wasu mawaƙa masu wucewa suka ji shi, suka ce ya bi su Nashville, birnin manyan mawaƙa. Lokacin Verna na da tsohon ciki, rufin gidansu kuma na yoyo, sai ya ce musu ya gode. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, kuma ba na zaton ɓoyewa yake yi. Abin da ya samu ya ishe shi: kowace Asabar da rana a fitar da motar 'yan kwana-kwana daga rumfarta, a barbaɗa garin masara a kan siminti don takalmi ya yi sulɓi, tsofaffi su yi ta juyi biyu-biyu a cikin rumfar. Ana tashi tun da sauran rana, don rabin masu rawar ba sa iya tuƙi in ido ya fara ƙin gani. A sauran ranakun mako Hoyt tsoho ne kamar kowa, mai ciwon gaɓɓai da jiran magani. A bayan jitar nan kaɗai ne babu mai ce masa sannu.

Da bazarar bara abin ya fara. Farkon rawa komai lafiya, amma kafin a kai tsakiya sai sautinsa ya riƙa tsayawa a hanya, ya hau ya kasa ƙarasawa. Mawaƙin ƙungiyar kiɗansu mutum ne mai kara, sai dai ya kau da kai. Ozella mai goge kuwa ba a haife ta da kara ba.

Wata Asabar suna tattara kaya ta ce, "Hoyt, ko dai ni na fara ruɗewa, ko kai wata waƙa daban kake bi."

"Gogenki ne ya sha rana a mota."

"Gogena lafiyarsa lau. Ka je a duba maka kunne, tsoho. Don ina ƙaunarka na faɗa."

Ya yi dariya, amma maganar ta bi shi gida. Irin jitar nan ba ta da wurin da yatsa zai dafe ya ce nan ne. Kunne ne ke gaya wa guntun ƙarfen inda zai tsaya, don haka in sauti ya kauce, kunne ake fara tuhuma. Ga shi kuma da gaske ƙarar injuna ta ci masa ji, sai Verna ta maimaita magana kafin ya ce na'am. Ya sauya tsirkiyoyi. Ya kifa jitar ya bi cikinta gaɓa-gaɓa da butar mai. Asabar ta zagayo, aka sake maimaitawa.

Abin da Hoyt ke tsoro ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa ya kurumce da tsufa, amma bai bar sahun mawaƙan coci ba. Muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi, ta kuma fi ta kowa kaucewa, jama'a na sunkuyar da kai, babu mai iya gaya masa. Hoyt na yaro a lokacin, kunya kamar ya nutse a ƙarƙashin benci. Ya daɗe da ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai bari a yi ta haƙuri da shi haka ba. Saboda haka ya daina zuwa rawa, ya kuma baza magana cewa jitar ta sayarwa ce.

Verna ta ce, "Hoyt Mabry, in ka sayar da abin nan, me zan yi da kai ranar Asabar?"

"Sai in taya ki shara."

"Allah ya kiyaye."

Ba a daɗe ba wani Wendell Pace ya bugo waya. Direban motar makaranta ne a wani gari can kudu, shi ke kaɗa wa cocinsu, kuma ya daɗe yana neman tsohuwar jita irin wannan, don tasa ta gaji. Suka daidaita a waya, Hoyt ya ce ta zama tasa. A nan wurinmu in mutum irin Hoyt ya faɗi haka, an gama.

Wendell ya iso da hantsi ranar Talata, dogo ne har sai da ya sunkuya a ƙofar falo. Verna ta gaishe shi sama-sama ta koma kicin, inda ta ɗora wake tana ta buga murfin tukunya fiye da yadda wake ke bukata. Hoyt ya buɗe akwatin jitar ya fara haɗa ta. Kowace ƙafa bututu biyu ce, ƙarami cikin babba, da zobe mai zare a mahaɗarsu. Sai ka zaro ƙaramin iya tsayin da kake so, ka murɗa zoben ya kama. Hoyt na da alamarsa, ɗan zane da ya yi da magagari tun yana saurayi. Ya zaro kowace ƙafa zuwa zanen, ya murɗa da kumburarrun yatsunsa yana cije leɓe. Baƙon ya gani, ya mai da idonsa kan hotunan bango.

Hoyt ya zauna ya ɗan taka fedojin da ƙarfi don ya nuna duk suna aiki, sannan ya tashi ya ba shi kujera. Gwiwoyin Wendell suka ƙi shiga ƙarƙashi.

"Yallaɓai, ka yarda in ɗaga ta kaɗan?"

Dole ya tambaya. Makaɗan jitar nan za su iya ara maka mota, amma ba a taɓa tsayin jitar mutum sai da izininsa.

"Taka ce, yi yadda ka ga dama."

Wendell ya durƙusa ya kama zoben ƙafar gaba ta hagu, wadda katakon fedoji ke maƙale da ita. Sai ya tsaya. Ya dubi tafin hannunsa, ya shinshina. Ya duba ƙafar dama, zane na nan a bakin zobe. Ya dawo ta hagu, zane ya shige ciki. Ya ɗora tafi a kusurwar jitar ya danna a hankali, sai ga ta tana nutsewa sumul, ko ƙara babu.

"Mista Mabry, wa ya sa wa zoben nan mai?"

Daga kicin aka ji Verna ta sheƙe da dariya, irin wadda aka daɗe ana tarawa. "Tambaye shi dai, ɗana! Tambaye shi!"

Kunnuwan Hoyt suka yi ja. Ya tuna sarai. Da sanyin da ya wuce ne yatsunsa suka kasa murɗa zoben, sai ya yi abin da hannunsa ya saba, ya ɗiga mai a zaren. A cikin zoben kuwa akwai wata 'yar tsagaggiyar roba da ke rungume bututu, kuma da bushewa take riƙo. Man ya gangara ya jiƙa ta. Ƙafar hagu ce ke shan duk nauyin taku, don haka kowace Asabar tana sauka kaɗan-kaɗan, fedoji na matsowa ƙasa, har su riƙa dukan siminti tun tsirkiya ba ta gama ɗamewa ba. In an tashi kuma sai ya kifa jitar, ya kwance zobba ya tura ƙafafun ciki don su shiga jaka, bai taɓa duban zanen ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gyaran ƙarfe, ya zargi kunnensa, ya zargi shekarunsa, bai taɓa zargin butar mai ba.

Suka fita baranda da ƙafar. Suka warware zoben, suka wanke robar da bututun da fetur har tsumma ya daina baƙi, Hoyt ya ɗan goge bututun da samfefa don ya rage santsi. Da aka mayar, Wendell ya ɗaure da hannunsa mai ƙarfi, daidai kan zane.

"Kafin in ɗauka, ina so in ji ta a hannun mai ita."

"Ba ni ne mai ita ba yanzu."

"To a hannun wanda ya san ta."

Hoyt ya zauna ba da son ransa ba. Ya sa 'yan ƙarafan yatsu na kaɗa tsirkiya, ya ɗora guntun ƙarfen, ya fara wata tsohuwar waƙar coci mai tafiya a hankali. Ya taka feda. Sautin ya tashi, ya hau, ya hau, ya je ya zauna daram a wurinsa. Ya sake takawa da ƙarfi, kamar mai neman kama ɓarawo, ya sake zama daram. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen waƙar, ya kuma koma farko. A kicin an daina buga tukunya. Daɗi ya kama shi, baƙin ciki ya biyo baya nan take, don ya gane kunnensa na nan da ransa a ranar da jitar ta zama ta wani.

Wendell ya ce, "Sai dai fa zoben nan yana son hannu. In ba a ɗaure shi tamau ba, wata rana zai sake sauka. Tsofaffin makaɗa sanda suke yankawa su zura cikin babban bututun, ƙaramin ya tokare da ita. Ko zobe ya saki, ƙafa ba ta da inda za ta."

"Na san dabarar," in ji Hoyt. "Sai dai sandar awon mutum ɗaya take ɗauka."

Ya tashi ya shiga kicin, ya fito da tsintsiyar Verna mai doguwar sanda, ya wuce gareji ya ɗauko zarto da abin awo. Verna ta biyo shi har ƙofar falo tana goge hannu, amma ko maganar tsintsiyarta ba ta yi ba. Ya miƙa wa baƙon kayan.

"Ɗaga ta daidai gwiwarka, mu auna, in yanka maka. Kada ka je gida ta ba ka kunya a coci."

"Yallaɓai..."

"Na riga na ba ka magana."

Wendell ya karɓi zarton. Ya daɗe yana kallon jitar, kuma duk wanda ya ga wannan kallo ya san yana sonta har cikin ransa. Hanya mai nisa ya yi, ya shimfiɗa bargo a bayan a-kori-kurarsa tun daga gida, ya kuma gaya wa mutanen cocinsu ranar Lahadi za su ji sabon abu. Ya shafa gefenta inda hannun Hoyt ya cinye fenti. Sannan ya ja numfashi, ya durƙusa a gindin ƙafar hagu.

"Koma ka zauna, Mista Mabry. Sa ƙafarka a feda yadda ka saba, kada ka motsa gwiwa."

Hoyt ya tsaya kamar bai ji ba.

Verna ta ce, "Ka ji shi sarai. Zauna."

Ya zauna. Wendell ya auna, ya yi alama a jikin sandar tsintsiyar da fensir, ya ɗora ta a kan gwiwarsa ya kafa zarto. Bai ɗago kai ba ya ce, "Maganarka na nan, ban mayar maka ba. Ran da ka gama da ita, Misis Verna na da lambar wayata. Amma don Allah kada ka yi sauri."

Hoyt ya miƙa hannu ya riƙe masa ɗaya bakin sandar don kada ta motsa.