Ni da Baƙin Ramin Sama

Wautata ɗaya ce: in na ji sabon abu, sai na kai shi majalisa kamar ni na gano shi. Jikata mai karatu a Damagaram ta zo hutu Dungas, ta ce mini akwai wani baƙin rami a sama mai haɗiye duk abin da ya matso kusa. Amma in haɗama ta yi masa yawa, sai ya feso iska waje da ƙarfi.

Ni da ban wuce aji biyu a lakwal ba, ranar kasuwa na zauna gindin itacen bedi ina koya wa tsofaffi ilimin taurari. Taubashina ya ce ƙarya ce, rami ba ya amai. Ido ya dawo kaina, in na yi shiru na zama abin dariya. Na ce bakina ne ramin. Na karɓi garin gero wajen wata mai fura, na cika baki, na ƙara, na ce su duba. Tari ya sarƙe ni, na fesa masa garin daga hula har gemu.

Ya share fuska a hankali ya ce, "Na yarda, bawana. To ramin saman, shi ma haka yake yi a gidan biki kamar kai?"