Daminar da Na Ramar da Kaka

Kakata ta wajen uba mace ce mai jiki, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Idan ta zauna, tabarma ta cika. Shekara da shekaru tana bandar kifi a bayan gidanmu a Haɗejiya, tana ɗanɗana na kowane kwando, wai don kada ta sayar wa mutane abin da ba ta sani ba. Gwiwoyinta ne suka fara gajiya da ita.

Ba ciwon ne ya fi damunta ba. Tana da yaya, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, a wani ƙauye can cikin fadama. Tsohuwar ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Da rani sai a babur ake zuwa, Kaka kuwa ba ta iya hawa babur. Da damina sai kwalekwale, kuma kafin a kai bakin ruwa akwai gangare mai santsi. Damina biyu ana kai Kaka kan gangaren nan, ta leƙa, ta juyo gida. Saƙo kuma bai fasa zuwa ba, cewa tsohuwa tana tambayarta.

Ni na raka ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ta latsa gwiwar, ta ce a rage gishiri da maiƙo, a riƙa ɗan tattaki, nauyin ma idan ya ragu gwiwa za ta huta. Ta ce a bi a hankali. Ni kuwa ban iya bin komai a hankali ba. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba aikin fari ba na baƙi, sai na mayar da Kaka aikina.

Washegari na ɓoye kwalbar man shanunta. Tuwo daga malmala uku na mayar da shi ɗaya, na kai mata a ɗan ƙaramin kwano. Ta buɗe, ta leƙa, ta dube ni.

"Na ɗanɗano ya iso. Ina abincin?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Ubanki ya talauce ne ba a gaya min ba?"

"Kina son zuwa ƙauye ko ba kya so?"

Ta ci tana zagina ƙasa-ƙasa. Kullum da hantsi kuma in tasa ta gaba: farko zuwa zaure, daga baya ƙarshen lungu, daga baya har bakin titi. Tana tafiya tana gaya wa duk wanda muka haɗu da shi cewa an kawo sabon soja gidanmu.

Wata uku ya fara nunawa. Zaninta ya ƙara zagaye. A nan ne unguwa ta tashi. A wurinmu tsohuwa ba ta ramewa haka kawai: ko ciwo, ko ana wulaƙanta ta. Ƙawayenta suka fara zuwa dubiya, kowacce da kwano a rufe, dambu, fura, soyayyen kifi karfasa. Ni kuma in tare su a zaure, in yi godiya, in kai wa ƙannena. Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Za ki ja a ce ina horar uwar mijina da yunwa." Na ce su faɗa, bakinsu ne.

Abin da ban kula ba shi ne Kaka ta daina zagina. Sai ta karɓi kwanon, ta ci, ta juya fuska bango. Na ɗauka ta saba ne.

Da ruwa ya cika muka tafi. Ta sauka gangaren nan hannunta a kafaɗata, ta tsaya hutawa sau uku, amma ta sauka. Mai kwalekwalen, wani dattijo da ya daɗe yana kawo mata kifi, ya riƙe baki. "Hajiya, ina kika baro sauranki?" Ta nuna ni da haɓa. Muka ratsa cikin kacalla, ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, yana tura jirgin da gora. Ni ina zaune ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Da muka isa, surukar tsohuwar ta tare mu a tsakar gida. Ta raɗa mana cewa kwana bakwai ke nan ba ta cin komai sai kurɓin koko.

Ɗakin da ɗan duhu. Kaka ta durƙusa bakin gado ta ce, "Yaya, ga ni." Tsohuwar ta miƙo hannu ta lalubi fuskarta, ta sauko wuya, ta kama damtse. Ta ja fatar da ta saki, ta sake ja.

"Wane ciwo ne?"

"Lafiyata lau, Yaya."

"Ƙarya kike. Haka Inna ta yi kafin ta tafi. Shi ya sa ba ki zo ba, ashe ɓoye min ake yi."

Ta fashe da kuka. Ni ba na iya tsayawa kallon abu yana lalacewa, sai na ce, "Ba ciwo ba ne. Ni na rage mata abinci, a asibiti aka ce."

Kukan ya tsaya. "Wace ce wannan mai baki kamar rediyo?"

"Jikata ce," in ji Kaka.

"Ke ce kika hana yarinyar nan abinci? Yarinyar da na tauna na sa mata a baki?"

Yarinyar tana da jikoki fiye da ashirin. Ban ga wurin dariya ba a lokacin.

Tsohuwar ta sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, ta ce a zuba man shanu har sai ta ji ƙamshinsa daga gado. Kwano ɗaya. Aka tayar da ita zaune, ta damƙe wuyan hannun Kaka, ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai ta ji hannun nan ya kai loma. Na buɗe baki zan yi maganar hawan jini. Kaka ta juyo ta dube ni, irin kallon da na yi watanni ban gani ba.

"Ki yi shiru ko ki fita."

Na yi shiru. Kaka ta kai loma, tsohuwar ta kai loma. Kaka ta sake, tsohuwar ta sake. Haka suka yi ta bi da bi har kwanon ya yi rabi, surukar tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

Har yau ban san mene ne ya saukar da Kaka gangaren nan ba, ramar ce ko tattakin. Na fi zaton tattakin, amma ba na son faɗa a gida. Abin da na sani shi ne na auna gwiwa, na auna tuwo, ban auna abin da hannun makauniya zai gaya mata ba.

Da la'asar na ce mu tashi kada jirgi ya bar mu. Kaka ta ce, "Ki gaida ubanki. Ki ce ba zan dawo ba sai Yaya ta iya cinye malmala ita kaɗai." Ni kaɗai na hau kwalekwalen.

Sai da ta kusa wata guda aka aiko in je in taho da ita. Na same su a tsakar gida, an fito da tsohuwar tana shan hantsi jingine da turmi. Kumatun Kaka sun ɗan ciko. Suna ta musu da ƙarfi a kan wace ce a cikinsu ta fasa tulun da mahaifiyarsu ta bari a bakin kogi tun suna yara. Sau biyu na yi sallama, ba wadda ta amsa, don kowacce tana tsoron kada ɗayar ta samu damar magana.