Igiyar Shanyar Inna da Rijiyar Gindin Dutse

Ni ne na ce akwai ruwa. Ba ƙarya ce cikakkiya ba, amma ta kai rabi da kwata, kuma saura ƙiris ta kashe ni.

Shekara uku ƙungiyar samarin makarantarmu a Isa tana roƙon a bar mu mu hau dutsen da ke can gaba da Tozai, mu kwana ɗaya a kansa. Na ce dutse. Wanda ya ga duniya in ya gan shi zai ce tudu ne ya yi ƙiba, amma mu da ko soron gida muka hau sai mun yi addu'a, a wurinmu kansa na taɓa gajimare. Kullum iyaye sai su ce daji ba lafiya. A shekarar da hanya ta ɗan yi sauƙi suka yarda, da sharaɗi: mu kwana kusa da rugar wani dattijo da suka sani, kuma in abu ɗaya bai cika a shirin ba, a fasa, kada a ƙara ta da maganar. Mu huɗu a cikinmu shekarar muke gama makaranta. In ta wuce, ta wuce ke nan.

Malam, wanda ke kula da ƙungiyar, ya raba aiki. Wannan tabarmi, wancan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wani tocila da maganin kunama. Da aka zo kan ruwa kowa ya sunkuyar da kai. Mutum goma sha huɗu, yini biyu, ga jakar goyo a baya, wa zai ƙara jarka a ka? Sai bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba tun da aka haife mu tare, ya ce, "Malam, ai akwai rijiya gindin dutsen. Na san ta."

Na san ta kamar yadda na san Makka. Mai kawo wa Inna nono ce ta taɓa ambatonta.

"Ka sha ruwanta?" in ji Malam.

"Har alwala na yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, Laraba za mu tai ni da kai. In na sha ruwan rijiyar daga hannunka, Asabar mu tashi. In ban sha ba, kai za ka tsaya gaban 'yan'uwanka ka ce musu an fasa."

Gidanmu famfon bakin titi muke sha, ba mu da guga. Na zaga unguwa neman aro, kowa ya ce rabonsa da guga tun auren kakarsa. Ranar Laraba da hantsi, Inna na maƙwabta, na kwashe shanyarta na jibga a kan katanga, na kwance igiyar, na haɗa da bokitin wankinta, na haye bayan babur ɗin Malam kamar mutumin kirki.

Rijiyar tana nan, alhamdu lillahi. Babu kowa, sai itatuwan da aka gicciya a bakinta, igiyoyi sun ci su sun yi musu zane kamar fuskar kakana. Ga komin shan ruwan shanu a gefe, a bushe. Na jefa tsakuwa don in ji zurfi. Na karanta Fatiha, na tuna duk laifin da na taɓa yi, sannan can na ji tsulum.

Malam ya zauna inuwar aduwa ya cire hula. "Bisimilla, mai alwala."

Na zura bokiti. Igiya ta ƙare, bokitin na lilo a iska, bai ko ji sanyin ruwa ba. Na jawo, na kwance robar ɗaure kaya ta babur na ƙulla. Bai kai ba. Cikina ya ɗuri ruwa, shi kaɗai ne ruwan da na samu. Fuskokin mutum goma sha uku suka jeru a gabana, har da ƙaramin cikinmu wanda ya ɗinke jakarsa da buhun shinkafa, yana goya ta yana zagaya unguwa wai yana saba wa kafaɗa. Yaya za ni tsaya gabansa?

Na juya wa Malam baya, na zare zariyar wandona na ƙara. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya miƙe cikin duhu har kafaɗa, ina roƙon Allah da sunayen da na haddace da waɗanda nake zaton akwai. Na ji gindin bokiti ya taɓa ruwa. Wallahi na ji. Sai zariyar ta tsinke.

Ba abin da ya rage a hannuna sai guntun zariya. Ban tashi ba. Na kifa goshi a kan itacen, hawaye na ɗiga cikin rijiyar, na ce ko banza na ƙara mata ruwa.

A haka shanu suka iske ni. Bayansu dattijon rugar ne, da sanda a kafaɗa da babban guga na fata. Suka gaisa da Malam, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar awaki. Sannan ya nuna ni da sanda.

"Wanga mi yake nema? Ko uwarsa ta faɗa ciki?"

"Bokitinta dai, Baffa," na ce.

"Bokitin mi?"

"Na wanki."

Ya dafe kai. "Sabulu cikin rijiyata! Kai Bagobiri, shanuna ko ƙanshin baƙo sunka ji a komi sai sun ja da baya. Wa ya ce ka zura?"

"Ba kowa a wurin, Baffa."

"Don ba kowa sai ta zama marar uba? Ni da ƙannena munka gina ta, zurfinta gaba ashirin. Ba a hana mutum ruwa, ba a sai da shi, amma ba a zura gugan baƙo. Ka zauna, ka jira mai ita, ka ce a ba ka. Jakin hanya ma ya san wanga."

Malam ya mayar da hularsa. Na san me wannan ke nufi: an fasa. Na rarrafa na durƙusa gaban dattijon, wando a hannu, na zayyana masa komai, shekara ukun, sharaɗin iyaye, mai jakar buhu, har da ƙaryar alwalar. Na ce ya dake ni da sandar in ya so, amma ya ba Malam ruwa ya sha.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ku nawa ne?"

"Sha huɗu."

"Duk masu hannu biyu?"

"In sun ɗaure wandonsu, Baffa."

Ya yi dariya har sandar ta faɗi. Ya ɗauko ƙugiya ya fiddo bokitin Inna da igiyar, ya sa na janye guga goma na zubar can nesa don warin sabulu ya fita. A na shida tafin hannuna ya saluɓe. Sannan ya ce mu zo Asabar mu kwana, mu sha iya cikinmu, amma Lahadi da safe mu ne za mu cika wa shanunsa komi, shi ya huta.

Guga na goma sha ɗaya na kai wa Malam. Ya ƙi karɓar ƙoƙo. "Daga hannunka na ce." Na kamfato da tafin da ke zogi, ya sunkuya ya kurɓa.

Ranar Asabar muka tafi. Dutsen kuwa, kafin mu gama waƙa ɗaya mun kai ƙololuwa. Abin da 'yan ƙungiya ke tunawa har yau shi ne safiyar Lahadi, shanu na shan ruwa kamar an huda musu ciki, mu muna ja, kowa na tsine mini a hankali don kada Malam ya ji. Mai jakar buhu ne kawai ya ce bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Inna ta karɓi bokitinta da igiyarta. Da ta zo shanya ta iske rabin zariyata a ƙulle a bakin igiyar, ta bar shi a wurin. Yana nan har yanzu, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ta kira ni in yi bayani da kaina.