Kurmar da Ta Ƙi Rabuwa

Shekarun baya, lokacin ina ɗaukar karatun hisabi a zauren malaminmu na Ƙofar Marke, matata ta haihu. Mahaifiyarta ta zo daga Wamakko don wankan jego. Tsohuwar kirki ce, sai dai kunnenta ya yi nauyi, in za ka gaishe ta sai maƙwabta sun amsa. Aka yi arba'in, ba ta ce za ta koma ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Ana haka malam ya rubuta mini ƙidaya a allo, ɗari tara da tis'in da bakwai, ya ce in raba ta kashi-kashi daidai. Na gwada biyu, na gwada uku, bakwai, sha ɗaya, kullum sai wani abu ya ragu. Da na koma a jigace ya yi dariya, ya ce ɗaya kaɗai ke raba ta, sai ita kanta. Wai malaman hisabi "asammu" suke ce wa irinta, wato kurma, don duk adadin da ya kira ta ba ta amsawa.

Da la'asar abokina ya iske ni a zauren gidana, ya ce, "Mi as same ka kar rame haka?"

Na ce, "Bari kai dai! Wagga kurma ta hana ni sakat. Na yi, na yi, ta ƙi rabuwa!"

Ashe matata na bayan ƙofa da ƙwaryar fura. Furar da ban sha ba ke nan. Ina shiga gida na tarar tana ɗaure kaya, jariri a baya.

"Malam, tunda Inna ta ishe ka, sai mu tahi tare. Ka huta."

Na san in ta fita da wannan magana, dangi ba za su maido ta ba. Na ɗauko allo, na durƙusa ina zane a ƙasa ina rantsuwa cewa ƙidaya nake nufi. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Mi aka yi?" Dole na maimaita mata komai da ƙarfi, har kalmar kurma, unguwa duk tana ji. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta daɗe tana duban allon, sannan ta ce, "Ba mai raba ta?"

Na ce, "Babu, Inna."

"To Allah shi sa aurenku shi zan haka. Ke, kwance kayan nan. Ni ma ina nan."

Sai da ta ga yayen yaron ta koma. Har yau in zan koyar da wannan babi, da Larabci nake faɗin sunan, kuma sai na leƙa bayan ƙofa tukuna.