Ba a Sansanar Ɗoɗɗoya da Hanci

Tafin hannunta ta ɗora a kan ganyen a hankali, kamar mai shafa kan jariri, sannan ta kai hannun hancinta ta lumshe ido. Haka Dona Graciete take buɗe kowace safiya, tun kafin ruwan gahawa ya tafasa. Ɗoɗɗoya ce mai ƙananan ganye, a cure kamar dunƙulen fura, irin wadda samarin Lisbon ke saya wa 'yan mata a bikin Santo António. Ta farko mijinta, marigayi Amílcar, ne ya kawo mata suna saurayi da budurwa. Wannan da ke bakin taga jikar jikar waccan ce, domin duk shekara sai ta tara irin.

"Maƙwabci, zauna mana. Ka tsaya mini a kai kamar fitilar titi."

Ni ne maƙwabcin, ko da yake suna kawai ya rage. Gidan da na tsufa a ciki an mayar da shi masaukin baƙi, na koma bayan gari. Ƙafata ce ba ta yarda ba, kullum sai ta dawo da ni tsohuwar unguwarmu, Alfama, shan gahawa a ɗakin Dona Graciete.

A wannan lungun aka haife ta. Da ƙuruciya kifi take talla, kwando a ka, tana hawa matakalar unguwa da murya mai tashin matattu. Da wuya ya gaji ta koma wanki da guga. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, muryar ma ta lafa. Tagarta a ƙasa take, daidai kafaɗar mai wucewa, kuma masu wucewa ba sa ƙarewa. Tun da sassafe akwatunansu masu taya ke gurnani a kan duwatsun hanya. Sai ayari ya biyo bayan wani mai ɗaga laima, a tsaya, a nuna bango, a nuna ƙofa, a ɗauki hoton shanyarta.

"Rigar barcina ta je Japan," in ji ta, "ni kuwa ko Porto ban taɓa takawa ba."

Ran nan 'yarta Noémia ta zo daga hayin kogi. Ta daɗe da gyara wa uwar ɗaki a gidanta, inda ba matakala, kuma Dona Graciete ta yi alkawarin ba da amsa idan bikin Santo António ya wuce. Biki ya wuce. Warin gasasshen kifi ma ya bar bango.

"Mama, kayanki kawai za mu ɗaure."

"Unguwa tana nan, ina nan."

"Wace unguwa? Wa ya rage? Daga ke sai wannan tsohon, shi ma aro ne."

"Ka ji ta, maƙwabci? Ni na haife ta, ita ke koya mini tsufa."

"Ni dai ku bar ni da gahawata," na ce. "An riga an kore ni sau ɗaya."

Na ba taga baya, don haka a fuskar Dona Graciete na ga abin da ya faru. Da na waiga, wata baƙuwa ce, yarinya mai faffaɗar hula, rana ta gasa mata kafaɗu. Ta sunkuyo ta tura hancinta cikin ganyen har kunci, tana shaƙa tana murmushi.

A nan ko ɗan yaye ya sani: ba a sansanar wannan ganye da hanci, bushewa yake yi. Hannu ake shafawa, a sansana hannun. Ko gaskiya ne ko camfi, ba wanda ya taɓa yarda a gwada da tukunyarsa. A da, kafin hanci ya kai, lungu ya ɗauka. Dona Ilda za ta leƙo daga bene tana buga murfin tukunya, mai gyaran takalma zai fito da guduma a hannu, yara su zagaye mutum da tsiya har ya rasa inda zai sa kansa. Mako guda ana ba da labari.

Dona Graciete ba ta yi ihu ba. Ta karkata kai tana saurare, kamar mai jiran kiran sunanta. Na ji tayoyin akwati suna gangarawa. Na ji kukan tsuntsun teku can wajen kogi. Tagogin sama duk a rufe, labulayensu iri ɗaya, farare, irin na masaukin baƙi.

Ta miƙe da kyar ta isa tagar. Ta kama hannun yarinyar, ta shafa shi a kan ganyen, ta kai mata hanci. Yarinyar ta zaro ido ta yi dariya, ta faɗi kalmar godiya guda da ta iya, ta ɗauki hoto, ta bi laimar ayarinsu da gudu.

Tsohuwar ta daɗe a tsaye.

"Noémia, kin ji wani ya ce wani abu?"

"A'a, Mama."

"Kai fa, maƙwabci?"

"Ban ji ba, Dona Graciete."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauko tukunyar da hannu biyu ta ajiye a kan tebur tsakanin kofunan, tana duba inda hancin ya lotsa ganyen.

"Ɗakin nan naki, tagarsa tana samun rana?"

"Tana samu. Har kogi ake gani."

"Kogi ta baya."

"Ruwan ɗaya ne, Mama."

"Ke dai kin iya baki, kamar ubanki." Ta juyo gare ni. "Kai kuma gobe sai ka nemi inda za ka kai wannan ƙafar taka. Jirgin ruwa yana ƙetarawa, in ba ka tsoron amai."

Na kurɓe sauran gahawata. Ta kwance ɗamarar aikinta ta rataye a bayan kujera, ta shafa ganyen sau ɗaya, wannan karon ba ta sansana hannun ba.

"Bari in kwashe shanyata. Hoton da suka ɗauka ya ishe su."

Ta dafa bango, ta ja ƙafa, ta fita daga ɗakin.