Layin da Nake Ja a Gurbin Sunansa

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da wani abokin aikina mai tsohuwar motar da sai an lallashe ta take tashi. Shi a ganinsa rakiya ce kawai zuwa Tsafe. Ni kuwa wata goma sha ɗaya rabona da wannan titi, tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu, suka kora mu daji ni da yayana. Bayan makonni shida na dawo ni kaɗai.

A aljihuna akwai littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan firamare. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato ce ta sa na saya, lokacin da na je mata da ciwon kai da rashin barci. Ta ce, "Malam, kowa ya gaishe ka sai ka ce lafiya lau. To littafi ba ya gaisuwa. Kullum ka ba shi minti goma, in abin ya yi nauyi ka rufe." Na bi maganarta, barci ya fara dawowa. Sai dai duk inda ya kamata in ambaci yayana, layi nake ja in wuce, hannuna ya ƙi rubutawa. Haka bakina ma ya ƙi. Sau ɗaya na je gida wurin Inna, na kwana ɗaya na gudo, ban iya gaya mata yadda ɗanta ya cika ba.

Gonakin bakin titi sun yi kyau, gero ya nuna, dawa ta fara ja. Amma in ka miƙa ido can ciki, ciyawa ce ta cinye wuraren da a da ake nomawa. Muka wuce Dutsen Kwatarkwashi yana nan yadda na bar shi, muka wuce shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Abokina bai yi shiru ba, tun daga tsadar fetur har zuwa halin surukinsa. Ina ta cewa "haka ne", alhali ko rabi ban ji ba. Mutum biyu ne a motar, amma ni kaɗai nake wannan tafiya.

Da muka iso wata kwana mai tsamiya na ce ya tsaya. Nan ne aka tare mu. Na fito daga motar. Abin da na tarar ya ba ni haushi: wata tsohuwa na shanya kuɓewa, awaki uku na kiwo. Wurin da ya hana ni barci kusan shekara, ko alama babu. Na jingina da mota na rubuta abin da na gani, da na zo kan yayana na sake jan layi.

A Tsafe muka karya da waina. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, amma miyar taushen ta biya. Mai wainar ta ce ina gajiya, na ce ba gajiya. Kasuwa cike, kowa da abin da ya kawo shi, babu wanda ya san ni. Kaɗaici ya kama ni har na kasa gama furar da na saya.

Bayan azahar muka juyo, muka ratsa Gusau muka miƙe Bungudu. Gulbi ya cika, yana tafiya ja wur. A nan abokina ya sauke ni, na hau acaɓa zuwa Kekun Waje, muna ta kauce wa taɓo.

Na tarar da Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗa, ta rame. Yayana shi ne ɗanta na fari, don haka bisa kunya irin ta iyayenmu, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko yana zaune kusa da ita.

Muka gama gaisawa, ta dube ni. "Mi kaka ta dahewa ga aljihu?"

Na fito da littafin na yi mata bayani.

"Karanta in jiya."

Na buɗe shafin da na fi tsoro. Na karanta mata yadda zazzaɓi ya kama shi, yadda yake tura mini rabonsa na ruwa yana cewa ya sha, yadda ya yi kalmar shahada kansa a cinyata, da yadda ni da wasu mutum biyu da ake tsare da mu tare muka rufe shi yana fuskantar alƙibla. Duk inda na iso layi sai in ɗan yi shiru in tsallake.

Ta ajiye gyaɗar. "Mi kaka tsallakewa?"

"Layi ne, Inna."

"Ɗana ba layi ba na. Sunanai Sa'idu. Rubuta."

Na rubuta. Sannan muka yi kukan da muka daɗe muna ɓoye wa juna, kaji na ta cin gyaɗar babu mai kora.

Washegari da hantsi na dawo Gusau a motar haya, mu huɗu a kujerar mutum uku. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, littafi yana riƙe maka abin da ka kasa faɗa, amma ranar da ka iya, sai ka nemi wanda zai ji. Ɗakina yana nan shiru kamar yadda na bar shi. Yau da safe na koma shafin farko na fara cike layukan nan, suna da yawa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na rubuta, da muryar Inna nake jin sa.