Na'urar da Aka Kulle a Kabad

Har yau ban manta da ranar da sufeto ya zo makarantarmu ta 'yanmata a hanyar Dayi ba. Lokacin ina malamar kiwon lafiya, ana tsakiyar cirar auduga.

Wata huɗu kafin nan an tura ni Funtua horo na kwana uku. Aka koya mana danna ƙirjin wanda ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya tsaya: sau talatin, a hura masa iska sau biyu, a sake. Aka ba kowace makaranta na'urar farfaɗo da zuciya, ƙaramar akwati mai faɗa maka abin yi da bakinta. Na rungumo ta a mota kamar jaririya. Mijina Sabi'u, wanda ya yi shekara biyu yana rubuto mini wasiƙa kafin mu yi aure, haka ya faɗi a kasuwar Kafur tun kafin in je horon nan. Aka yi ta yayyafa masa ruwa da fifita har ya cika. Mutum fiye da a ƙirga a kansa, babu wanda ya san inda zai ɗora hannu.

Shugaban makaranta ya karɓi na'urar ya kulle a kabad. Mabuɗin yana aljihunsa, har gona. Duk mako ina roƙo.

"Malama Hadiza, kayan gwamnati ne," in ji shi. "In yara suka ɓata, ke za a tambaya ko ni?"

Sai na dinga koya wa yaran danna ƙirji da matashin kai.

Ranar da sufeto ya zo daga ofishin shiyya, aka fito da na'urar a ledarta, aka ɗora a tebur gaban ɗalibai. Shugaba ya ce, "Malama za ta shaida, duk yaran nan sun iya aiki da ita."

"Ranka ya daɗe, yau suka fara ganinta," na ce wa sufeto.

Na yage ledar. Shugaba ya ce in ajiye. Ban ajiye ba. Na kira wata ɗaliba, Rabi, na nuna mata inda ake manna fatun nan biyu da ke haɗe da na'urar a ƙirji, na ce kowa ya ja baya idan na'urar ta ce a ja. Muka yi sau shida, aji bayan aji, sufeto yana duba agogo.

Washegari na samu takardar tuhuma, wato in kare kaina a rubuce kan laifin raina na gaba da ni. Na rubuta layi ɗaya: na yi, kuma zan sake. Ƙarshen zango aka mayar da ni wata makarantar ƙauye bayan Danja. A can babu na'ura, akwai matashin kai.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku tarar da mutanen kirki da suka fi tsoron a tambaye su kaya a kan a tambaye su rai. Kada ku tsane su. Amma ku nemi mabuɗin a gaban jama'a.